Tabarau, talaskof, waya ko daron yashi: wanne zai koya wa ɗalibanka karanta ramukan wata da na Mars?

Malamin kimiyya ko na jogirafi a makarantar karkara, a ce a ƙasar Gumel ko Birnin Kudu ko Rano, idan Allah ya hore masa ɗan kuɗi daga ƙungiyar iyaye da malamai ko daga hannun wani tsohon ɗalibi don ya raya kulob ɗin kimiyya, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne talaskof. Ba laifi ba ne, kowa yana sha'awarsa. Amma Malam, kafin ka ba da sautu Kano ko ka yi oda ta intanet, tambayi kanka abin da kake so yaran su iya. Idan burinka su leƙa wata su ce masha Allah, magana ta ƙare. Idan kuwa so kake su dubi rami a fuskar wata ko ta duniyar Mars su gaya maka yadda aka yi ya samu, da dalilin da ya sa wannan ya fita daban da sauran, to lissafin ya canza. Hanyoyi huɗu ne a gabanka: tabaran hangen nesa mai ido biyu, talaskof, wayar hannu da hotunan kumbo, sai kuma daron yashi.

Abin da ake karantawa a jikin rami

Mafi yawan ramukan wata da na Mars duwatsun sama ne suka haƙa su. A wata, dutsen yana isowa da gudun da ya kai kilomita 20 a daƙiƙa guda, don haka ba huda ƙasa yake yi ba, fashewa yake yi tare da ita, ya bar ramin da ya ninka faɗinsa sau 10 zuwa 20. Shi ya sa kusan dukansu zagayayyu ne, ko da dutsen a karkace ya zo. Ramin da aka saba gani yana da leɓe mai tudu da tarkacen da ya watso a kewaye. A wata, in faɗinsa bai kai kilomita 15 ba, cikinsa sumul yake. In ya haura 20, bangonsa kan zaftare ya zama hawa-hawa, tsakiyarsa ta taso ta zama tsauni, yadda ake gani a ramukan Copernicus mai faɗin kilomita 93 da Tycho mai 85.

Wanda ya saɓa wa wannan tsari shi ne ke da labari. Messier, wani ƙaramin rami a gabashin fuskar wata, dogo ne ba zagayayye ba, kuma daga maƙwabcinsa Messier A fararen layuka biyu sun miƙe yamma. Gwajin da wasu masana biyu, Gault da Wedekind, suka wallafa a 1978, inda suka riƙa harba ƙananan ƙwayoyi da wata bindigar gwaji ta hukumar NASA, ya nuna sai dutse ya zo kusan a kwance yana sharar ƙasa sannan rami ke yin tsawo haka. Hyginus ba shi da leɓe mai tudu, yana kuma zaune a kan wata doguwar tsaga; masana na ganin ƙasa ce ta rufta a wurin saboda aikin narkakken dutse a ƙarƙashi, ba abin da ya faɗo daga sama. Plato narkakken dutse ne ya malale cikinsa ya daskare baƙi, Wargentin kuwa ya cika har baki. Kusa da Davy akwai ƙananan ramuka fiye da 20 a jere, tsawon layin kusan kilomita 50, ana kyautata zaton abu ɗaya ne ya tarwatse kafin ya iso, irin yadda tauraruwa mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 ta afka wa Jupiter gunduwa-gunduwa a Yulin 1994.

A Mars labarin ya fi yawa, domin can akwai iska da ƙanƙara, kuma an taɓa yin ruwa mai gudu. Hotunan kumbon Viking sun nuna ramuka irin su Yuty, waɗanda tarkacensu malala ya yi ya tsaya da ɗan tudu a bakinsa, tamkar an jefa dutse a taɓon bakin kududdufi. Fassarar da aka fi karɓa ita ce akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasar. Korolev mai faɗin kilomita 82 cike yake da ƙanƙara mai kaurin kilomita 1.8. Jezero mai kilomita 45 yana da tarin lakar da wani tsohon kogi ya jibge a mashigarsa, dalilin da ya sa aka sauke motar Perseverance a can ranar 18 ga Fabrairu 2021. Akwai kuma waɗanda har yau ba a daddale ba, irin su Orcus Patera mai tsawon kilomita 380 da faɗin 140: wasu sun ce aikin dutse mai aman wuta ne, wasu sun ce karo ne a kwance.

Kada a ga kamar abin ya yi mana nisa. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya kuma tabbatar daga Mars yake. Ba abin da ke iya cillo dutse daga can da gudun da ya wuce kilomita 5 a daƙiƙa sai irin wannan karon da ke haƙa rami.

Tambayoyin da kake so ɗalibi ya iya yi ke nan: zagayayye ne ko dogo? Yana da leɓe? Ina tarkacensa ya nufa? Me ke cikinsa?

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko, kuma wanda na fi ba wa nauyi: nawa daga cikin tambayoyin nan kayan zai iya amsawa. Sai kuɗi, wanda na auna da dala tunda farashin naira bin ta yake yi. Sai ƙarko, ma'ana yadda zai jure ƙurar hunturu, damshin damina da hannun yara. Sai sauƙin aiki ga malami ɗaya mai aji cike. Na ƙarshe haɗari, na jiki da na fahimta.

Tabaran hangen nesa

Wanda ya dace shi ne mai lamba 10x50, wato yana kusanto abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50. A kasuwannin waje mai kyau daidai gwargwado yana tsakanin dala 30 da 100. Da shi za a ga Clavius mai faɗin kusan kilomita 225, a ga Copernicus, a ga Plato ɗigo baƙi. A daren 14 ga wata kuma fararen layukan Tycho, da suka zarce kilomita 1,500, suna fitowa sarai. Iyakarsa ke nan. Ba zai nuna maka tsawon Messier ba, Mars kuwa jan ɗigo kawai za ka gani.

Wajen ƙarko ba na biyunsa a kayan gilashi, tunda a rufe yake, sai dai faɗuwa ɗaya na iya goce madubin ciki ya koma nuna abu biyu-biyu. Gwada shi a shago kafin ka biya: dubi turken wuta mai nisa, in ka ga biyu ko idonka ya fara ja, ajiye. Ka guji masu jan gilashi da masu manyan lambobi a jiki. Matsalarsa rawar hannu ce. A wajenmu wata kan bi ta tsakar ka, don haka ya fi sauƙi yaro ya kwanta rigingine a tabarma ya dafe gwiwar hannu a ƙirji. Yana da wani amfanin da sauran ba su da shi: zai yi wa gari aiki ranar duban wata, da sharaɗin ba za a ɗaga shi yamma ba sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Talaskof

Nan ne aka fi asarar kuɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Iri biyu ne malami zai iya tunkara. Akwai mai gilashi a gaba, mai faɗin milimita 70 zuwa 80, wajen dala 80 zuwa 150. Akwai mai madubi a ƙasan bututu, mai faɗin milimita 114 zuwa 130, wanda ake ɗorawa a kan tebur, wajen dala 200 zuwa 300. Ka ƙara kuɗin dako da na kwastan a kan kowanne.

Abin da ke sa talaskof ya nuna ƙananan abubuwa faɗin bakinsa ne, ba lambar da aka rubuta a kwali ba. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce kusantarwa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin a milimita. Mai 70 iyakarsa sau 140. In ka ga kwali an rubuta sau 525 ko 675 a kan ɗan siririn bututu, kayan wasan yara ne. Abu na biyu da ake mantawa shi ne ƙafarsa. Gilashi mai kyau a kan ƙafa mai rawa bai da amfani, domin da yaro ya taɓa, wata ya fice. Ko ba a taɓa ba ma, juyawar duniya tana sa wata ya gusa tsawon faɗin kansa a cikin minti biyu, sai an yi ta bin sa. Ka lissafa wannan da yara arba'in a layi, kowa na jiran ya sa ido ɗaya.

Amma abin da yake nunawa a wata ya cancanci wahalar. Mai 70 zai nuna hawa-hawan bangon Copernicus da tsaunin tsakiyarsa, ya nuna Messier da layukansa biyu, ya nuna tsagar Hyginus, ya nuna Schiller wanda tsawonsa ya kusa kilomita 180 faɗinsa kuma wajen 70. Mai 130 zai ƙara da tsage-tsagen da ke cikin Gassendi. Jerin Davy kuwa yana son babban talaskof da dare mai natsuwa. Abin da ya fi komai daraja shi ne yaro zai ga inuwa tana sauyawa daga dare zuwa dare. Rami ba ya bayyana sai rana ta haska shi daga gefe, saboda haka wurin dubawa shi ne iyakar haske da duhu a fuskar wata. Mu da muke ƙirga kwanan wata tun muna yara, wannan bai da wuya a gare mu: Messier a 4 ko 5 ga wata, Hyginus a 7, Tycho da Clavius a 8 zuwa 9, Copernicus a 9 zuwa 10, Gassendi a 11. Daren 14, da mutane suka fi son fitowa, shi ne mafi rashin amfani ga ganin zurfi, tunda ba inuwa.

Ga maganar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: ba talaskof ɗin da makaranta za ta iya saya da zai nuna ramin Mars ko ɗaya. Mars na kusantar mu sau ɗaya a kusan wata 26, karo na Janairun 2025 sai na Fabrairun 2027, kuma ko a lokacin ɗan jan faifai za ka gani, wataƙila da farin ɗigon ƙanƙara a kansa. Ramukanta ba a tabbatar da su ba sai da kumbon Mariner 4 ya gifta ta gefenta a Yulin 1965.

Wajen ƙarko, mai gilashi a gaba ya fi dacewa da ƙasarmu domin bututunsa a rufe yake. Mai madubi bakinsa a buɗe, ƙurar hunturu na sauka kai tsaye a kan madubin, kuma yana bukatar a riƙa daidaita shi lokaci-lokaci. Kowanne ka saya, kada a goge shi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, karce gilashi take yi. A busa ta tukuna, a rufe murfi, a ajiye a akwati inda ba damshi. Haɗarinsa kuwa ba na wasa ba ne. Duban rana da shi na ɗan lokaci kaɗan na iya makantar da ido har abada, kuma ɗan baƙin gilashin da ake haɗowa da wasu a ce na duban rana ne yana iya tsagewa saboda zafi. A jefar da shi, da rana kuma talaskof ya zauna a kulle.

Waya da hotunan kumbo

Wannan ce kaɗai hanyar da za ta kai ɗalibinka Mars. Kumbon LRO da aka harba a 2009 yana ɗaukar wata da kyamarar da ke rarrabe abu mai rabin mita, kuma hotunan suna nan kyauta a shafin QuickMap, inda za ka ja layi a kan rami ya zana maka tudunsa da zurfinsa. Kyamarar HiRISE, da ke kewaya Mars tun 2006 ƙarƙashin kulawar Jami'ar Arizona, tana rarrabe abu mai kusan santimita 30. Da ita aka ɗauki sabon ramin da dutse ya haƙa ranar 24 ga Disamba 2021, mai faɗin kusan mita 150, ga curi-curin ƙanƙara a watse a bakinsa. Na'urar InSight, da ke aiki a doron Mars a lokacin, ta ji girgizar karon tun ranar.

In kana da waya mai kyau, kuɗinka na data ne da caji. Inda sabis ba ƙarfi, ka sauke hotunan ranar da ka shiga Dutse ko Haɗeja ko Kano, ka adana a memori. Hoto 20 zaɓaɓɓu sun ishe ka zango guda. Shafukan da Turanci suke, allon waya kuma ƙarami ne, sai an raba yara rukuni-rukuni ko an buga hotunan a takarda.

Haɗarinta na fahimta ne, kuma ya fi na sauran yawa. Ido ya saba haske daga sama yake zuwa, don haka in hasken hoto ta ƙasa ya fito, rami sai ya koma tudu. Maganin shi ne a juya wayar ƙasa ta koma sama, nan take tudun zai lotsa. Taswirar tudu da kwari ta Mars tana sa shuɗi a wurare masu zurfi, yara kan ɗauka ruwa ne. Hoto marar ma'auni ba ya gaya maka ko mita 100 kake kallo ko kilomita 100. Sannan ido na son ganin fuska a inda babu ita: hoton Viking 1 na 1976 a yankin Cydonia ya yi kama da fuskar mutum, har aka yi ta surutu a kai, sai hotunan kumbon Mars Global Surveyor na 1998 da 2001 suka nuna tsauni ne kawai. Yau ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira suna yawo a Facebook da WhatsApp. Dokar kulob ta zama: hoton da ba sunan wurin, ba sunan kumbon da ya ɗauka, ba ma'auni, ba a karanta shi.

Daron yashi

Wannan kusan kyauta ne, kuma shi na fi so. Zuba tankaɗaɗɗen yashi a daro, kauri kamar tsawon yatsa biyu, ka shimfiɗa farar toka a kai, ka barbaɗa garin jar ƙasa ya rufe tokar. Karɓo ƙwayoyin boris wajen bakanike. A saki ɗaya daga tsayin mita 1, wata daga mita 2. Farar tokar za ta fantsamo a kan jar ƙasar layi-layi, leɓe ya taso, yaro ya sa rula ya auna. A rufe tagogi a haska tocilan daga gefe, sannan daga sama, a ga zurfin ya ɓace. A harba da danƙo a kwance a ga inda tarkace ya nufa. A binne ɗan balan-balan mai iska a ƙarƙashin yashin a huda shi da allura: ramin da zai samu ba leɓe ba tarkace, ɗan uwan Hyginus ke nan. A maimaita da cuɗaɗɗen yumɓu mai ruwa a kwatanta da hoton Yuty.

Dole ka gaya musu iyakarsa. Boris daga mita 2 yana sauka da gudun mita 6 a daƙiƙa, dutsen sama ya ninka haka fiye da sau 3,000. Don haka boris na zama a cikin ramin, ba ya fashewa, tsaunin tsakiya ba ya fitowa, kuma ramin na yin tsawo da wuri fiye da yadda yake a zahiri. Robert Hooke ya yi irin wannan gwaji a Ingila a 1665, ya jefa harsasai a jiƙaƙƙen yumɓu ya kuma tafasa garin farin dutse, duka biyun suka ba shi ramuka, ya karkata ga tafasa domin a zamaninsa ba a san inda duwatsun za su fito ba. Daro na nuna abin da zai yiwu, hoto ne ke nuna wanda ya faru. Haɗarinsa danƙo ne da toka a ido. Kowa ya koma bayan mai harbi.

| Ma'auni | Tabarau 10x50 | Talaskof | Waya | Daron yashi |
|---|---|---|---|---|
| Ramukan wata | manya kaɗai | har masu 'yan kilomita | har masu 'yan mita | kwaikwayo |
| Ramukan Mars | babu | babu | dalla-dalla | kwaikwayo |
| Kuɗi | dala 30 zuwa 100 | dala 80 zuwa 300, ban da dako | data da caji | kusan kyauta |
| Ƙarko | mai kyau in bai faɗi ba | yana son kulawa | gwargwadon wayar | ba ya lalacewa |
| Aji mai yawa | mutum ɗaya a lokaci | mutum ɗaya, da jira | rukuni-rukuni | kowa tare |
| Lokaci | dare | dare, sama garau | kowane lokaci | kowane lokaci |
| Haɗari | duban rana | duban rana, sayen jabu | ruɗin ido, hoton ƙarya | danƙo, toka |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Makarantar jeka-ka-dawo, inda ba a iya tara yara da dare, musamman 'yan mata, kada ta kashe kuɗinta a talaskof. Daro da waya, da kuɗin buga hotuna masu kyau a takarda, su ne za su yi aiki a cikin lokacin darasi.

Wanda Mars ce ta ja hankalinsa, ko yake son ɗalibansa su yi aikin da za su kai gasar kimiyya, waya ce hanyarsa, daro kuma ya zama wurin gwada fassarar da suka yi wa hoton.

Mai ƙaramin kuɗi da yake son yara su ga abin da idonsu, ko malamin Islamiyya da ke son kayan da zai yi wa gari amfani a duban wata, ya ɗauki tabarau.

Makarantar kwana mai ɗakin ajiya da malami ɗaya da zai ɗauki amanar kayan, ita ce talaskof ya dace da ita: mai gilashi a gaba mai milimita 70 ko 80 a kan ƙafa mai ƙarfi, ko mai madubi 130 in malamin zai koyi daidaita shi. A nemi fitowa tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a daren 7 ko 8 ga wata bayan sallar isha'i da wuri. A fara da manyan ramuka biyu da ke tsakiyar fuskar wata, Albategnius da Arzachel, waɗanda tun taswirar wata ta masanin taurari Riccioli ta 1651 suke ɗauke da sunayen masana taurari Musulmi, Al-Battani da Al-Zarƙali na Andalus. Dukansu suna da tsauni a ciki, kuma a waɗannan darare inuwarsa tana fitowa sosai har yaro ya iya zana ta a littafinsa.